Azarar Da Ta Riƙe Gidan Makama

 Yau hirarmu a kan Gidan Makama ne na birnin Kano, wanda ke kusa da fadar Sarki. Tarihi ya nuna an gina shi ne domin Muhammadu Rumfa tun yana Makama, kafin ya hau sarautar Kano a 1463. Yanzu gidan tarihi ne, yana hannun hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasa, ba mai ikon rushe shi.

To, me ya riƙe ginin ƙasa haka? Uwargida, in rufin ɗakinki na soro ne, ɗaga kai ki duba. Itacen nan da aka jera, shi ne azara, daga gangar namijin giginya ake faso shi. Gara ba ta cika cinsa ba, ga jure nauyi. Sai dai yana da iyaka: in tazarar ta wuce kamar ƙafa shida, ƙasar da aka ɗora masa sai ta lanƙwasa shi. Shi ya sa magina suka fito da dabarar bakan gizo. A dasa azara cikin bango, a ɗaura wata a kanta ta ɗan zarce, a ƙara wata, har na wannan bango da na wancan su haɗu a sama, sannan a lulluɓe da ƙasa. Mai kallo sai ya ɗauka laka ce zalla, alhali itace ne ƙashin ginin. Turawan Ingila ma suna da tsofaffin gidajen katako da doka ta hana a taɓa su sai da izini, amma su nasu katakon a fili yake.

Babban abokin gabar azara ruwa ne. Da, kafin damina sai an sake yaɓe da makuba, ta ɓawon ɗorawa, a share indararo. Yanzu siminti ake shafawa a kan ƙasa, ni kuwa ban yarda da shi ba, don in ya tsage ruwa ya shiga, ba ya samun hanyar bushewa, bango ya yi ta ruɓewa a ɓoye.

Mu nan ƙasar Zuru ruwanmu ya fi na Sakkwato yawa. Ke ce kike wuni a gida, ke za ki fara gani. In kin ga ƙasa na zubowa daga rufi, ko bakin azara ya yi baƙi yana danshi, ki fitar da yara daga ɗakin, ki gaya wa maigida a nemo magini tun kafin watan Agusta.