Yadda Harsunan Kwamfuta Ke Musayar Bayanai a Littafi Ɗaya

Duk ɗalibin da ke nazarin ƙididdiga a Jami'ar Jihar Kaduna, ko a Kwalejin Kimiyya da Fasaha da ke Tudun Wada, lalle wata rana zai iske cewa harshen kwamfuta ɗaya ba ya biya masa dukkan buƙata, domin Python ya ƙware wajen tattara bayanai da tace su, alhali R ya shahara wajen hisabi da zanen alƙaluma. Littafin Jupyter, wanda ya tsiro a 2014 daga aikin IPython na Fernando Pérez, shi ne zauren da ake haɗa su.

Mas'alar ita ce kowane harshe da tasa ma'ajiya. Mafi sauƙin hanyoyin musaya ita ce ɗaya ya zuba jadawali cikin fayil na CSV, ɗayan ya karanta. Sai dai akwai illa, don lambar waya mai farawa da 080 takan rasa sifirinta na farko muddin aka ɗauke ta a matsayin adadi. Hanya ta biyu ita ce rpy2: a rubuta %%R -i a saman gurbi tare da sunan jadawalin, nan take R ya karɓe shi, -o kuma ya komo da natija. Ta uku ita ce tsarin Feather, wanda Wes McKinney da Hadley Wickham suka fitar a 2016, mai kiyaye nau'in kowane rukunin bayani.

Saboda haka wajibi ne mai bincike ya sake duba jadawalinsa bayan kowace musaya, yana mai lura da guraben da babu komai, yana kuma tuna cewa Python daga 0 yake fara ƙirga, R kuwa daga 1, domin alƙaluman jama'a amana ne a wuyansa.