Ɗan Alalo a Cikin Kaset

Wanda ya taso daga Zinder ya nufi Maraɗi, kafin ya kai Takeita sai ya ratsa Tirmini. Garin ba wani babba ba ne, amma da wuya ka sami Badamagaren da bai san sunansa ba, domin a nan ne rundunar Sarki Amadu Kuran Daga ta tari sojojin Faransa a watan Yulin 1899. Aka gwabza, bindiga ta rinjayi doki, daga nan Nasara suka shiga Zinder. Su sun rubuta nasu labarin a takarda. Mutanen ƙasa kuwa a bakin tsofaffi da makaɗa suka ajiye nasu, kuma har gobe idan ana zancen makaɗan fadar Damagaram, sunan da ke fara zuwa baki shi ne na Ma'azu Ɗan Alalo.

A al'adar fada, waƙa tana da mai ita. Makaɗi yana da ubangida, shi yake yi wa, shi kuma ke ɗauke da ci da sha da suturarsa: riga, rawani, wani lokaci doki. Ran Salla, in sarki ya yi hawa daga Birni, dogarai na gaba da jajayen riguna, kakaki da algaita na tashi, makaɗi na biye da 'yan amshinsa, sanƙira kuma na tsinto kalmomin da hayaniya ta haɗiye yana maimaita wa jama'a da ƙarfi. Ana jero kakannin sarki, a ambaci Sarki Tanimun da ganuwarsa, a zuga wanda ya yi kyauta, a yi habaici ga wanda ya noƙe hannu. Talakan ƙauye irin na Tirmini sai ya yi tattaki zuwa birni kafin ya ji wannan da kunnensa. In bai je ba, sai dai wanda ya je ya dawo ya rera masa abin da ya iya riƙewa.

Na'ura ce ta ɓalle wannan shinge. Da fari garmaho da faifansa, wanda sai gidan attajiri. Sannan gidan rediyon Nijar da aka buɗe a 1958, wanda yau ake kira Muryar Sahel, ga kuma Rediyon Kaduna da ake kamawa tar a ƙasar Damagaram, yana kawo Shata da Ɗanƙwairo da Narambaɗa. Amma abin da ya sa waƙar fada ta shiga zauren kowa shi ne kaset.

Wanda bai ga zamanin kaset ba zai yi wuya ya gane irin matsayin da yake da shi a gida. Ɗan ci-rani in zai dawo daga Kano gab da damina, cikin tsarabarsa akwai rakoda da kaset biyu ko uku, a naɗe cikin ƙyalle don kada ƙurar hanya ta shiga. Ran kasuwa mai kaset yakan kafa teburinsa da rakoda mai baki biyu, ya ƙure sauti, ka faɗi wanda kake so ya juye maka a kan sabo ko a kan tsohon da ka gaji da shi. Batir na da tsada, saboda haka ba a ɓarnar sa wajen mayar da waƙa baya. Sai a zura biro a ramin kaset a yi ta juyawa da hannu. In rakoda ta tauna zare, mai gida zai zauna da haƙuri ya warware, ya yanke inda ya lalace, ya liƙa da jan farce. Daga ranar waƙar ta rasa ɗa ɗaya ko biyu, kuma 'yan gidan sun san daidai inda muryar za ta yi tsalle, har sukan cike gurbin da bakinsu. Aron kaset kuwa amana ce. An sha ɓatawa tsakanin aminai a kan kaset ɗin da aka ara aka mayar da shi a tsinke, ko aka juye wani abu a kansa.

Shi ma sauraron yana da ladabinsa, kuma wannan ne ya fi burge ni. Da muryar mawaƙin da ya riga mu gidan gaskiya ta tashi a majalisar dattawa, kafin komai za ka ji an ce, “Allah ya jiƙan maza.” Ba a hira a kan waƙar fada yadda ake yi a kan kiɗan rawa. Ana yin tsit, sai in an ambaci wani suna, nan wani dattijo zai ɗaga hannu a tsayar da rakoda. Sai ya warware: wannan da aka ambata hakimin wuri kaza ne, ga abin da ya haɗa shi da sarki, ga dalilin da ya sa aka yi masa wannan zambo ba a kama sunansa ba. Wani ya ce a'a, ba haka aka yi ba. A yi ta ja har shayi ya huce, sannan a ci gaba. Waƙar minti ashirin takan cinye yammaci guda. Da an kira salla a kashe, in azumi ya kama kuma a ajiye kaset ɗin waƙa gefe, na tafsiri ya hau. A cikin gida mata na da nasu, Barmani Coge da amadarta, waɗanda sukan saka ran suna ko wunin biki in ba a samu masu kiɗan ƙwarya ba. Direbobin hanyar Zinder zuwa Maraɗi kuwa Shata ne abokin tafiyarsu, kafin rasuwarsa a 1999 da bayanta.

Akwai wata mawaƙiyar jaz ta Amurka, Ella Fitzgerald, da ta rasu a 1996. Tsakanin 1956 da 1964 ta yi wa kamfanin Verve jerin fayafayai na waƙoƙin manyan marubutan ƙasarta, kuma mai neman sani a yau zai iya gano ranar da aka ɗauki kowace waƙa, da garin da aka ɗauka, da sunan wanda ya busa ƙaho a bayanta. Ina kawo ta ne domin abin na ci mini rai. Muryar Ɗan Alalo ba ta gaza a wurin masu ita ba, amma ɗauki kaset ɗinsa da aka juye a kasuwa ka duba: sunansa kawai aka rubuta da biro, wani lokaci ma ba a rubuta ba. Babu shekara, babu wurin ɗauka, babu sunan ɗan amshi ko ɗaya, alhali rabin daɗin waƙar daga bakinsu yake fitowa. Abin da Amurkawa suka rubuta a bayan faifai, mu a kan dattawan majalisa muka ajiye shi.

Ba a ce ba a yi komai ba. Nijar ta kafa gasar kiɗa da sunan Ɗan Gurmu a 1987, akwai cibiyar koyar da kiɗa mai sunan Alhaji Taya a Yamai, gidan rediyon ƙasa kuma na da ma'ajiyar tsofaffin zarurruka. Sai dai Yamai na da nisa da Tirmini, kusan kilomita 900, kuma zare ba ya shiri da zafi da ƙura.

Yau teburin mai kaset ya koma rumfar mai cajin waya. Ka miƙa masa ɗan katin memori, ka ba shi 'yan kuɗi kaɗan, ya zuba maka waƙoƙi ɗari a lokacin da a da ake juye guda. Samari a fadarsu ta shayi suna tura wa juna daga salula zuwa salula, masu kabu-kabu na tafe da ita a aljihu. Cikin tarin waƙoƙin fim na Kano da na mawaƙan zamani, sai ka ji tsohuwar murya ta ɓullo da shuuu ɗin kaset a bayanta, har da tsallen nan na inda wani ya taɓa liƙawa da jan farce shekaru talatin da suka wuce. Wani bawan Allah ne ya kara waya a bakin rakoda ya ɗauka, ta yi ta yawo har ta kai ga 'yan Damagaram da ke Libiya da Legas. Ta wannan fuska waƙar ta fi da yaɗuwa nesa ba kusa ba.

Abin da bai bi ta cikin wayar ba shi ne hannun nan da ake ɗagawa a tsayar da rakoda. Saurayi na jin ta shi kaɗai da abin sauraro a kunne, kiɗan na ratsa shi, sunaye na wucewa ɗaya bayan ɗaya: hakimai, attajiran Zango, dawakin da aka yi kyauta da su. A fuskar wayar lamba ce kawai a inda sunan waƙar ya kamata ya kasance. Kakansa, wanda ya san kowane suna a ciki, yana zaune a kan tabarma a ƙofar zaure, taku goma daga inda yake.