Bakwaini: Ƙashin da sikeli ba ya iya aunawa

A Gezawa, idan aka haifi bakwaini, tambayar farko ita ce ko zai yi rai, ta biyu kuma ko yana kama nono. Ba kasafai ake tambayar ƙashinsa ba, alhali a watanni ukun ƙarshe na ciki ne jariri ke tara kusan kashi 80 cikin 100 na sinadaran kalsiyam da fosfaras da ke ƙarfafa ƙashi. Wanda ya faɗo a wata bakwai ya bar mafi yawan wannan guzurin a cikin mahaifa.

Matsalar ba ta nuna kanta da wuri. Yawanci sai jariri ya kai mako 6 zuwa 12, lokacin da an cire shi daga kwalba, an sallamo uwar daga Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko na Murtala, ta koma Jogana ko Tsamiya Babba, dangi sun gama barka. Sikeli na nuna yaro yana ƙiba, ƙashi kuwa yana nan da laushi, har haƙarƙari ko hannu ya iya tsagewa ba tare da faɗuwa ba. Waɗanda aka haifa ƙasa da kilo 1.5 sun fi shiga haɗari.

Hoton ƙashi na yau da kullum makararre ne, ba ya nuna komai sai ƙashin ya yi asarar kashi 20 zuwa 40 na sinadaransa. Na'urar DEXA ta fi shi ido, amma tana da tsada, kuma kai ɗan mitsitsin jariri gabanta aiki ne. Shi ya sa likitoci suka fi dogara da gwajin jini, su duba yawan fosfaras da wani sinadari da ke hauhawa idan ƙashi na cikin yunwa. Wannan gwajin shi ne ya fi kusa da aljihun manomi, matuƙar uwa ta koma ranar da aka rubuta mata, abin da kuɗin mota da aikin damina kan hana.

Nonon uwa ba shi da tamka, sai dai ga bakwaini ƙarami sosai fosfaras ɗinsa kan gaza, don haka likita kan ƙara masa sinadarai da bitamin D.

Akwai kuma wankan jariri. Miƙar gaɓoɓi da tausa mai ƙarfi da kakanni suka saba yi ba ta dace da bakwaini ba. Idan hannunsa ya kumbura, ko yana tsala ihu duk lokacin da aka ɗaga shi, a wuce gidan maɗori, a nufi Babban Asibitin Gezawa.