Kakar Japan a Idon Baƙo Ɗan Arewa

A Kore Mairuwa ba mu duba kalanda kafin mu san kaka ta shigo. Ƙanshin tumu ne ke fara faɗa mana, sai amalanken shanu su cika gefen kwaltar da ta taso daga Doso zuwa Dogon Dutsi, kowane da dammunan hatsi, mata kuma suna roron wake. Da karatu ya kai ni wani ƙaramin gari a lardin Nigata na ƙasar Japan, sai na tarar su ma suna da kaka, suna kiranta aki, daga Satumba zuwa Nuwamba. Lokacin ya zo ɗaya da namu, amma abin da ke kawo ta daban ne, kuma wanda bai gane wannan ba zai sha mamaki.

Mu ruwan sama ke raba mana shekara. Su kuwa tsawon yini ne. Garinmu yana wajen digiri 13 arewa da tsakiyar duniya, Tokiyo tana wajen 35, don haka idan shekara ta karkata rana takan yi musu nisa sosai. A ƙarshen Nuwamba, azahar tana shiga wajen ƙarfe 11:30, rana kuma ta faɗi ƙarfe 4:30 na yamma, alhali a gida sai bayan ƙarfe 6. Musulmin da ke aji ko wurin aiki dole ya tsara yininsa, domin salloli uku suna taruwa cikin awa biyar. Wannan shi ne darasin farko da kaka ta koya mini.

Gajartar yini da sanyin dare su ne ke sa itatuwa su janye koren da ke cikin ganye, sai launin ɗorawa da ja su bayyana kafin ganyen ya zube. Abin yana farawa daga duwatsun Hokkaido a arewa tun tsakiyar Satumba, yana gangarowa kudu har ya kai Kiyoto a ƙarshen Nuwamba. Talabijin na ba da labarin inda ya iso kamar yadda rediyo ke faɗa mana inda ruwa ya sauka, iyalai kuma su hau jirgin ƙasa don kallon ganye kawai. Da farko na ɗauke shi ɓata lokaci, daga baya na gane cewa hanyarsu ce ta yin ban kwana da shekara kafin dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa. Na tuna da gawon Dallol Mawri na wajenmu, wanda ke zubar da ganye da damina ya tofo da kaka, na ba mutanen garin labarinsa, suka yi ta tambaya.

Zuciyar kakarsu dai shinkafa ce. Nigata ta yi suna da wani iri mai suna Koshihikari, ana girbe shi a Satumba da ƙananan injuna masu yanka da sussuka a tafiya ɗaya. Mafi yawan manoman tsofaffi ne, da yawa sun haura shekara 65, don samari sun tafi birane, abin da duk wanda ya san cin rani a Arewa zai fahimta. Sabuwar shinkafa tana da suna nata, shinmai, kuma doka ba ta yarda a rubuta sunan a buhu ba sai an ɗura shinkafar kafin ƙarshen Disamban shekarar da aka girbe ta. Ranar 23 ga Nuwamba sarkin Japan yana miƙa sabon amfanin gona a wani tsohon biki na addininsu, kuma tun 1948 ranar ta zama hutun godiya ga ma'aikata. Wanda ya taso a ƙasarmu ta Sarauniyar Lugu da Bauran Bagaji ya san cewa kakanninmu ma ba su ɗauki sabon hatsi abin wasa ba.

Ranar 1 ga Oktoba ɗalibai da ma'aikata da yawa suna sauya kayan zafi zuwa na sanyi a tare. Kasuwa ta cika da wani siririn kifi da ake gasawa da gishiri, da yamma kuma motar mai gasasshen kudaku ta ratsa unguwa tana kira.

Inda baƙo ke shiga ko ya tsaya a waje shi ne unguwa. Kowace unguwa tana da ƙungiyar maƙwabta, kuma akwai wani allo mai ɗauke da takardun sanarwa da ke yawo gida-gida: ka karanta, ka sa hannu, ka kai wa na gaba. A ciki ake rubuta ranar yashe magudanai da sharar ganye. Gayya ce, sai dai babu makaɗi, kuma idan an ce ƙarfe 7 to ƙarfe 7 ɗin ne. Shara ma tana da ƙa'ida, mai ƙonuwa da ranarta, kwalabe da gwangwani da tasu. Ba wanda zai yi maka faɗa idan ka kuskure. Za a bar maka jakarka a wurin da takarda manne a jiki, kuma unguwa duka ta san ta wane ce.

Safiyar da na fara fita shara, wata dattijuwa da ke gaishe ni daga nesa tsawon wata shida ta miƙo mini tsintsiya. Da maraice ta ƙwanƙwasa ƙofata da jaka cike da kaki, wani ɗan itace ja-ja mai girman tumatir. Da na gutsura sai na ji kanya, kuma ashe danginsu ɗaya ne a wurin masana tsirrai. Ta nuna mini waɗanda ta fere ta rataya da igiya a ƙarƙashin rufin gidanta don su bushe, kamar yadda iyayenmu ke shanya kuɓewa. Irin wannan rabon amfanin gona al'ada ce a wurinsu, kuma tana da ramuwa kamar biki a wurinmu. Ba a maida kwatankwacinsa nan take, sai bayan ƴan kwanaki ka kai wani ɗan abu.

Akwai iyaka, kuma gara a faɗe ta tun wuri. Bukukuwan kaka na wuraren bautarsu ne, abincinsu kuma yakan ƙunshi naman alade ko wata giyar shinkafa ta girki. Na gaya musu a fili abin da addinina ya hana ni, ban ga wanda ya ɓata rai ba, domin sun riga sun gan ni da tsintsiya.

Ɗalibai da yawa masu tallafin karatu a Oktoba suke sauka. Idan kana cikinsu, ɗan'uwa, ka tanadi rigar sanyi mai kauri, ka nemi jadawalin shara tun ranar farko. Kada ka ɗauko kilishi don tsaraba, ba a barin nama ya wuce filin jirgi. Ka zo da ƴan jakunkunan fata ko hula, za ka sami wanda za ka ba.