Wayar da ke Sace Barci, Ko Za Ta Dawo da Shi?

A ƙauyukan Kunci ta jihar Kano, da an idar da sallar isha'i an ci tuwo, gari kan yi tsit, sai kukan gyare. Amma cikin shirun nan akwai masu kwana ido biyu. Magidanci ya kwanta, jiki ya yi liƙis da noma, zuciya kuwa ta ƙi kwanciya: ga kuɗin taki, ga bashin da aka ci tun bazara, ga 'yar da za a aurar bayan kaka. Ya juya dama, ya juya hagu, har a kira assalatu. Gari na wayewa sai kemis: "Malam, a ba ni na barci."

Idan haka na faruwa dare 3 ko fiye a mako, har tsawon wata 3, kuma yana taɓa aikin mutum da rana, likitoci na ɗaukarsa ciwo ne mai zaman kansa. Ƙwaya irin su diazepam na kwantar da mutum yau da gobe, jibi jiki ya saba, ɗaya ta daina isa. Shi ya sa a 2016 wata babbar ƙungiyar likitocin Amurka ta ba da shawarar a fara da gyaran tunani da ɗabi'un kwanciya kafin a kai ga magani.

Dalilin a fili yake. Mai wannan ciwo kokawa yake yi da barci. Yana duba agogo, yana lissafin awa nawa suka rage, fargabar "yau ma ba zan runtsa ba" ta sa ƙirji bugawa, barcin ya ƙara nisa. Horon natsuwa wannan kokawar yake raba mutum da ita. Jon Kabat-Zinn ne ya shigo da shi asibiti a 1979 a Jami'ar Massachusetts, a kwas na mako 8. A 2014 Jason Ong da abokan aikinsa suka gwada shi a kan mutum 54 masu daɗaɗɗen rashin barci a Chicago, aka ga lokacin da suke ɓatawa a farke ya ragu.

Yinsa ba wuya, jimirin ne aiki. Ka kwanta a tabarmarka, ka bi numfashi yana shiga yana fita. Ka lura da tafin ƙafa, da gwiwa, da bayan da ya sha sunkuyo a gona. Tunanin taki zai dawo, babu makawa. Kada ka kore shi, kada ka bi shi. Ka gan shi, ka koma kan numfashi. Ko sau hamsin ne.

Yanzu manhajoji irin su Calm da Headspace sun zuba wannan horo a waya. Sai dai shaidar amfaninsu ba ta kai ta horon gaba-da-gaba ƙarfi ba, kuma ba da mu a rai aka yi su ba: babu Hausa a ciki, sai da data da kuɗin rajista. Ga kuma haɗarin a ɗauko waya don natsuwa a ɓuge da TikTok har ƙarfe biyu.

A ganina, manomin Kunci murya yake bukata, ta Bahaushe, ta minti goma, wadda za a tura masa a memori a shagon caji kamar yadda ake tura wa'azi da karatu. Ƙaramar waya mai madannai ma ta isa. Ya kunna, ya kifa ta, ya rufe ido.

Wani zai ce ai abin daga mabiya Buddha ya samo asali. Haka ne, amma abin da asibiti ya ɗauka lura da numfashi da jiki ne, babu bauta a ciki. Ba ya maye gurbin alwala da azkar ɗin kwanciya. A yi su, sannan a ɗora.

Kuma ba kowane rashin barci ne wannan ke magani ba. Mai tauna goro ko shan shayi mai kauri bayan magariba ya fara daina su. Mai minshari da numfashi ke sarƙe masa, da wanda baƙin ciki ya yi wa katutu, asibiti za su je.

Kirana ga likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da na asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau: ku naɗi wannan murya da Hausa, ku gwada ta a kan marasa lafiyarmu, ku ba gidajen rediyon Kano su yaɗa ta.