Wasiƙar da Ta Riga Ta Tafi, Ana Iya Komo da Ita?

Tun da kwamfuta ta fara shiga gidajenmu a ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan, akwai wata tambaya da iyaye da sakatarorin ikilisiya sukan kawo mana. Mutum ya aika wasiƙar imel, sai bayan ya danna ya ga akwai gyara. Ko lissafin baiko ya tafi adireshin da ba shi ba, ko yaro mai neman shiga Jami'ar Ahmadu Bello ya tura takardar sakamakon ƙanensa maimakon tasa, ko kuwa an rubuta wa ɗan'uwa magana cikin zafin rai a kan gonar gado. Shin ana iya komo da ita? Daga kwamfutar gida ba a iyawa, sai fa a cikin 'yan sakan na farko.

Ga dalili. A dā in ka ba direban motar Zariya wasiƙa a tashar Makarfi, kana iya hawa keke ka cim masa kafin mota ta cika. Takarda ɗaya ce tak, in ka karɓe ta magana ta ƙare. Imel ba haka take ba. Kwamfutarka tana miƙa ta ga babbar na'urar kamfanin da ka buɗe akwati wurinsa, a ce Google mai Gmail. Ita kuma ta miƙa kwafi ga na'urar kamfanin wanda ka rubuta wa, a ce Yahoo. Sau da yawa kafin ka gyara zama an gama. Ƙa'idar da na'urorin nan suke bi, wadda Jon Postel ya rubuta a Amurka a 1982, ta tanadi yadda za a miƙa wasiƙa, amma ba ta tanadi yadda za a ƙwato ta ba. Google ba shi da mabuɗin ɗakin Yahoo. Ko da ku biyu duka Gmail kuke da shi, akwatin wancan nasa ne, ba za a buɗe maka ba. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, to, haka abin yake a nan.

Wani zai ce, ai na ga wurin fasa aikawa a Gmail. Gaskiya ne. Da ka aika, wata kalmar Turanci, Undo, takan fito a ƙasan allo daga hagu, ma'anarta warware. Google ya fara gwada ta a 2009, ya sa ta ga kowa a 2015. Amma ba komo da wasiƙa take yi ba. Riƙe ta ake yi a bakin ƙofa na ɗan lokaci, kamar direban da ya tada mota bai ja ba tukuna. In ba ka taɓa saitin ba, sakan 5 ne kawai. Ana iya mai da shi 10, ko 20, ko 30, iyakarsa ke nan. Shawararmu ita ce kowane gida ya sa 30, gama sakan 5 bai isa dattijo ya nemo tabarau ba.

Waɗanda suke aiki a manyan ofisoshi a Kaduna ko Zariya sukan ce su kam suna janye wasiƙa da Outlook. Wannan ma gaskiya ne, amma da sharaɗi. Sai mai aikawa da mai karɓa suna ƙarƙashin ma'aikata ɗaya, akwatunansu kuma suna hannun tsarin Microsoft na ma'aikatar. Akwatin kyauta irin na gida, ko Hotmail ne ko Gmail ko Yahoo, ba ya ciki. In ma'aikaci ya gwada janye wasiƙar da ya aika wa na waje, mutumin yakan sami wata sanarwa cewa ana so a janye ta farko. Wa zai ga wannan ya ƙi buɗewa?

WhatsApp ne ya ƙara ruɗa mutane. Tun 2017 yana barin a goge saƙo daga wayar kowa, a 2022 kuma aka tsawaita lokacin zuwa wajen kwana biyu. Yana iya yin haka domin kamfani ɗaya ne yake riƙe da bakin zaren nan da can. Duk da haka alama takan rage cewa an goge wani abu, wanda ya riga ya karanta kuwa ya karanta.

To, me ya rage? 'Yan makarantar Lahadi sun san amsar daga Littafin Esta. Haman ya aika wasiƙu da hatimin sarki Ahasurus zuwa larduna 127 domin a hallaka Yahudawa. Da muguntarsa ta tonu, Esta ta roƙa a janye su, amma abin da aka hatimce da zoben sarki ba ya janyuwa, ko sarkin kansa bai iya ba. Sai Mordekai ya rubuta ta biyu, wata biyu da kwana goma bayan ta farko, aka ba manzanni a kan dawakai masu sauri. Ta farko tana nan ba a share ta ba, amma ta biyu ta iso kafin ranar da aka sa.

Mu ma ta biyu ce a hannunmu, kada kuwa ta kwana. In takarda ce ba daidai ba, a tura ta daidai, a faɗa a layin farko cewa wannan ta maye gurbin waccan. In lissafin ikilisiya ne ya faɗa hannun baƙo, a roƙe shi ya share, a kuma sanar da fasto da dattawa a ranar, kada su ji a bakin wani. In kalmar sirri ce ta fita, a canza ta nan take, ba sai an jira amsa ba. In kuwa maganar fushi ce, a ganinmu imel ta biyu ba ta isa ba. Daga Hunkuyi zuwa Makarfi ba nisa, a hau babur a je.

Muna koya wa ɗalibanmu wata dabara kuma, su bar gurbin adireshi ba kome sai sun gama rubutu, sun haɗa takarda, sun sake karantawa. Muddin gurbin nan babu suna, ko an danna da kuskure wasiƙar ba za ta tashi ba.