Takardar Kiranye Ba Ta San Hanyar Kademi Ba

Kiranye tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Idan mutum ya shiga uwa duniya, aka daɗe ba a ji ɗuriyarsa ba, danginsa su kan nemi a yi masa kiranye, wai don hankalinsa ya tashi ya komo gida. Daga baya 'yan siyasa suka ari kalmar suka ɗora wa wakilin da jama'arsa ta gaji da shi. To, ashe masu ƙera motoci su ma suna da nasu kiranyen, sai dai nasu da takardar gidan waya a ke yinsa. Kamfani ya sayar da mota, an biya shi, an tafi. Bayan shekara ɗaya ko goma sai ya gane akwai aibi cikin ƙirar, irin aibin da ke iya halaka rai. Sai ya rubuta wa duk wanda ya saya, ya ce a komo da ita wurin wakilinsa a gyara, ba a biyan ko anini.

Kada mai karatu ya zaci kirki ne kurum ya sa su haka. Doka ce ta tilasta. A Amurka, cikin shekarun 1960, mutanen da haɗarin mota ke kashewa a shekara sun kai wajen 50,000, kamfanoni kuwa kullum maganarsu ɗaya, laifin direba ne. Wani lauya mai suna Ralph Nader ya rubuta littafi a 1965, ya nuna ƙirar motocin ita kanta tana da nata alhakin. Magana ta kai majalisa, har a watan Satumba 1966 Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar lafiyar motoci. Bisa ga ƙa'idar da a ke bi a can, kamfanin da ya gano aibi mai haɗari wajibi ne ya sanar da hukuma cikin kwanakin aiki 5, ya aika wa masu motocin takarda cikin kwana 60, sa'an nan ya gyara kyauta in motar ba ta wuce shekara 15 ba. Jamus da Ingila da Japan kowace da irin tata ƙa'idar.

Tsadar mota ba ta tsirar da ita daga wannan. Ga misalin wata ta kamfanin Porsche na Jamus, sunanta Taycan, wadda aka fito da ita a 2019. Motar gudu ce ta masu hannu da shuni, gajeruwa har cikinta kamar ya taɓa ƙasa, ba ta shan mai ko ɗigo, da lantarki ta ke tafiya. Mafi ƙarfi daga cikin na farko, daga tsaye ta kan kai gudun kilomita 100 a awa cikin ƙasa da daƙiƙa 3. Duk da haka, a watan Yuli 2021 kamfanin ya kira wajen guda 43,000, watau kusan duk waɗanda ya ƙera zuwa lokacin, domin an sami kamar 130 da injinsu ya ɗauke ana tsakiyar tafiya. A watan Yuni 2024 aka sake kiran fiye da 150,000 a duniya duka, saboda robar da ke kai mai ga birkin gaba tana iya tsagewa. Kafin shekarar ta ƙare aka kira wajen 27,000 a Amurka don tsoron batir ya kama wuta, aka ce wa masu su kada su cika shi ya wuce kashi 80 cikin 100 sai an duba.

Wanda ke da irin wannan mota a Stuttgart ko Landan, abin bai fi ɓata masa wuni guda ba. Takarda ta zo da sunansa da lambar motarsa. Ya buga waya, a yanka masa rana. In ya kai ta, a duba lambar cikin lissafin kamfani, a tabbata tana cikin waɗanda aka kira. Gyaran 2021 ko ƙusa ba a kwance ba: kwamfuta aka jona mata, aka sake rubuta manhaja, watau umurnin da kwamfutar motar ke bi, cikin kamar awa guda aka sallami mai ita. Sa'an nan a rubuta cewa mota mai lamba kaza an gyara ta ran kaza, domin duk wanda ya saye ta nan gaba ya iya gani. Kamfanin Tesla ma, da ya kira motoci fiye da miliyan 2 a watan Disamba 2023, ta iska ya aika musu gyaran kamar yadda saƙo ke shiga waya, suna ajiye a ƙofar gida. Amma fa robar birki ba ta aikuwa ta iska, wannan kam sai an je.

Ƙasar Gaya ƙasar maƙera ce tun fil azal. Tarihin Kano ya nuna daga nan Abagayawa suka tashi suka je Dala neman tama. Maƙeri in garma ta tsage ya kan gani da idonsa, ya ƙwanƙwasa ya ji da kunnensa. Bakaniken bakin hanya magajinsa ne, da kunne ya ke gane ciwon inji, kuma ba a raina gwanintarsa. Sai dai aibin irin waɗannan motoci ba ya ƙara, ba ya hayaƙi. Har wa yau, wutar da ke cikin batirin Taycan ƙarfinta ya kai bolt 800, alhali ta gida wajen 230 ce, wadda kowa ya san abin da ta ke yi wa wanda ya taɓa ta. Saboda haka a ce wani attajirin Kademi ya sayi ɗaya, kiranye ya same ta, ba wurin da zai nufa sai wajen wakilin kamfani. A Ikko aka buɗe gidan Porsche a 2012, tsakaninta da Kademi kuwa ya fi kilomita 1,000, tafiyar da caji ɗaya ba ya yi. Sai dai a ɗora ta bisa tirela, ta ƙetare gadar Wudil a goye kamar jinjiri.

Motar lantarki dai ta riga ta shigo ƙasar nan. A ƙarshen 2020 aka nuna Hyundai Kona da aka harhaɗa a Ikko. A 2021 aka buɗe wurin caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, zamanin da Jelani Aliyu, Basakkwacen da ya zana siffar motar Chevrolet Volt a Amurka, ke shugabancin hukumar ƙere-ƙeren motoci ta ƙasa. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023 kuwa, maganarta ta yawaita a bakin direbobi. Ranar da za ta zama abin hawan kowa, tambayar ina wakili za ta riga tambayar nawa ne kuɗinta.

Amma wannan duka damuwar gobe ce, kuma ta masu kuɗi. Akwai wata takardar kiranye da aka rubuta tun tuni, wadda ta shafi irin motocin da ke zirga-zirga tsakanin Kademi, Gaya, Ajingi da Kano, ita kuwa ba ta taɓa isowa ba.

Cikin sitiyarin motocin zamani, da kuma gaban kujerar fasinja, akwai wata jakar iska a naɗe, wadda waɗansu direbobi ke kira balan-balan. In an yi karo, sai wani ɗan gwangwanin ƙarfe da ke bayanta ya ƙona maganin da ke cikinsa, iskar ta hura jakar kafin ƙiftawar ido, ta tare fuska da ƙirji. Ta tsirar da rayuka masu yawa. Wani kamfani na Japan, Takata, shi ke yi wa kamfanonin motoci da dama wannan jaka, sai ya zaɓi ya riƙa zuba wani gishiri mai arha cikin gwangwanin, a kan ce da shi amoniyam naitaret. Manomi ba baƙonsa ba ne, gama da shi a ke yin wani irin takin zamani. Shi ne kuma wanda tan 2,750 nasa ya fashe a tashar jirgin ruwa ta Bairut ran 4 ga Agusta 2020. Duk wanda ya taɓa ajiye buhun taki ya ci damina ya san yadda laima ke sake masa kama. Haka ya ke yi cikin gwangwanin. Shekara da shekaru zafi ya buge shi da rana, sanyi da dare, laima tana shiga kaɗan kaɗan, har ya lalace. Ran da aka yi karo, maimakon ya ci a hankali sai ya tashi gaba ɗaya, gwangwanin ya tarwatse, guntayen ƙarfe su fito ta cikin jakar su sami mutum a wuya ko a ido. An sami waɗanda suka mutu cikin karon da bai isa ya karya ko yatsa ba.

Honda ta fara kiran motoci wajen 4,000 a kan wannan a 2008. Abu kamar wasa, ƙaramar magana ta zama babba, har ya kai jaka wajen miliyan 67 a Amurka kaɗai, cikin motocin kamfanoni 19. Ba a taɓa yin kiranye mai girman wannan a tarihin mota ba. Mutanen da aka tabbatar ta kashe a Amurka sun wuce 25, waɗanda ta raunata sun wuce 400, an kuma yi rashi a waɗansu ƙasashe kamar Malesiya. A 2017 Takata ya amsa laifin ɓoye gaskiya a gaban kotun Amurka, aka ɗora masa dala biliyan 1, a watan Yuni na shekarar ya karye. A Fabrairu 2023 Honda ta yi shela cewa waɗansu Accord da Civic na 2001 da 2002 da ba a gyara ba kada a ƙara tuƙa su ko zuwa gareji, domin hukumar can ta ce mafi lalacewa daga cikinsu ɗaya cikin biyu na iya tarwatsewa in jakar ta tashi. A Janairu 2024 Toyota ta yi irin wannan shela a kan motoci wajen 50,000, Corolla da Matrix na 2003 da 2004, da RAV4 na 2004 da 2005.

Duk wanda ya san tashar mota ya san waɗannan sunaye. Su ne motocin da Ba'amurke ya gama yayinsu, aka yi gwanjonsu, aka loda a jirgin ruwa zuwa Ikko ko Kwatano. Kafin Gwamnati ta hana shigo da mota ta kan iyakar ƙasa daga 1 ga Janairu 2017, da yawa ta Jamhuriyar Nijar su ke biyowa, su faɗo Katsina da Kano. Daga dillali zuwa ma'aikaci, daga ma'aikaci zuwa ɗan kasuwa, hannu uku ko huɗu kafin mota ta kwana a ƙauye. Takardar kiranye kuwa adireshin da ke cikin rajistar Amurka ta ke bi. Tana can tana faɗawa akwatin wani gida a Texas, motar tana nan tana ɗaukar buhunan gero. Dokar Amurka ba ta ƙetare teku, ɗan kasuwan da ya shigo da ita kuma ba wakilin kamfani ba ne.

Akwai ɗan sassauci, a faɗi gaskiya. Laima mai ɗorewa ita ce babbar abokiyar gabar wannan gishiri, ƙasar Kano kuwa rabin shekararta a bushe ta ke. Amma motar ba a nan aka haife ta ba. Wa ya san shekara nawa ta yi a Florida, ko wata nawa ta yi a bakin teku tana jiran mai saye? Ga zafin bazara mai wuce ma'auni 40, ga damina a bayansa, ga shekaru fiye da 20 a kanta.

Abin da ya rage a hannun mai mota shi ne lambar jikinta, wadda 'yan mota ke kira shasi. Tun 1981 haruffa da alƙaluma 17 ne, ana ganinta a ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, da jikin ginshiƙin ƙofa. Farkonta ya kan nuna inda aka ƙera ta: 1 ko 4 ko 5 Amurka, 2 Kanada, J Japan, W Jamus. Babu harafin I ko O ko Q a cikinta, don kada a rikita su da alƙaluma. Tun 2014 hukumar lafiyar hanya ta Amurka, NHTSA, ta buɗe wurin bincike a intanet, kyauta. In motar a can aka fara sayar da ita, ɗan makaranta mai waya ya isa ya rubuta lambar, ya ga ko akwai kiranyen da ba a amsa ba. Manyan kamfanoni ma suna da irinsa.

In an ga akwai, sai a nemi wakilin kamfanin na ƙasar nan a kai masa lambar, a ji abin da zai ce. Akwai kuma hukumar kare masu saye ta Tarayya, FCCPC, wadda dokar 2019 ta kafa, ana kai mata ƙara. Abin gudu shi ne a je kasuwar kayan gyara a sayo jakar da aka ciro daga wata tsohuwar mota, gama mai yiwuwa ne daga tukunya ɗaya aka kwaso su, an musanya ciwo da ɗan'uwansa, an kuma biya kuɗi.

Malamai ba su bukatar a koya musu hukuncin wannan. Babin ciniki na Risala da na Muhtasar sun yi bayanin mayar da haja saboda aibin da ya ɓoyu, sun kuma hana mai sayarwa rufe aibin da ya sani, domin algus ne. A da dillali yana da uzuri, ba shi da hanyar sanin abin da ke cikin sitiyari. Yanzu da a ke iya sani cikin minti biyu uzurin ya yi rauni, mai saye kuma yana da ikon ya ce a duba lambar a gabansa tun ba a sallama ba, tun ba a ba da la'ada ba.

Wani abu da ya kamata direbobin haya su riƙe: cikin shelar Toyota ta 2024, a RAV4 jakar direba ce mai aibin, amma a Corolla da Matrix ta gaban fasinja ce. Kujerar nan kuwa, ran Juma'a in ana tafiya kasuwar Wudil, mutum biyu a kan zaunar a kanta, wani lokaci har da yaro a cinya.